Zaɓen 'yan wasa a gasar NFL: yaushe ya dace ƙungiya ta ci bashi don ta tsallake layi?

A daren 27 ga Afrilun 2017, wasu ƙungiyoyin ƙwallon zari-ruga ta Amurka biyu sun yi ciniki iri ɗaya cikin sa'o'i kaɗan. Chicago Bears ta ba da guraben zaɓe uku a kan nata don ta matsa daga gurbi na 3 zuwa na 2, ta ɗauki wani matashi mai suna Mitchell Trubisky. Jim kaɗan bayan haka Kansas City Chiefs ta yi nata cinikin, ta taso daga gurbi na 27 zuwa na 10, ta ɗauki Patrick Mahomes. Trubisky ya bar Chicago bayan kakar wasa huɗu ba tare da wani abin a-zo-a-gani ba. Mahomes kuwa ya ciyo wa Kansas City kofin Super Bowl sau uku.

Wannan ne ya sa duk shekara, idan watan Afrilu ya kama, magoya baya da masu sharhi a Amurka ke komawa kan muhawara guda: shin ya kamata ƙungiya ta sadaukar da gurabe da yawa don ta sami ɗan wasa ɗaya da ta ƙwallafa rai a kansa, ko ta tsaya a layinta ta jira rabonta? Alƙaluman shekaru da dama sun nuna cewa galibi mai hawa sama shi ke asara. Sai dai akwai wani yanayi ƙalilan da cinikin ke biya, kuma ana iya gane shi tun kafin a ƙulla.

Yadda tsarin zaɓen yake

Ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai, hanyar samun ɗan wasa a bayyane take: mai kuɗi ya saya. Haka Paris Saint-Germain ta biya yuro miliyan 222 ta ɗauko Neymar daga Barcelona a 2017. A gasar NFL abin ba haka yake ba. Ƙungiyoyi 32 ne, babu mai faɗawa rukuni na ƙasa komai lalacewar kakarta, kuma akwai iyakar abin da kowace za ta iya kashewa a albashin 'yan wasa, wanda a 2025 ya kai dala miliyan 279.2. Sababbin 'yan wasa kuwa, waɗanda kusan dukkansu daga jami'o'i suke fitowa, ana rabonsu ne ta hanyar zaɓe na bi-da-bi da ake kira diraf, wanda aka fara tun 1936.

Zaɓen yana da zagaye bakwai, ana yin sa cikin kwana uku, kuma ana ɗaukar 'yan wasa sama da 250. Ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe a kowane zagaye, wadda ta ɗauki kofi kuma ita ce ta ƙarshe. Manufar ita ce a ɗaga mai rauni don kada wasu 'yan tsirarun ƙungiyoyi su mamaye gasar har abada. Taron ya zama babban biki, domin a 2024 mutum fiye da 700,000 suka halarce shi a birnin Detroit. Ta wannan ƙofa ce 'yan asalin Afirka da dama suka shiga gasar, irin su Christian Okoye ɗan Enugu, wanda Kansas City ta ɗauka a zagaye na biyu a 1987, da Ezekiel Ansah ɗan birnin Accra, wanda Detroit ta zaɓa a gurbi na 5 a 2013.

Abin da ya ƙara wa tsarin armashi shi ne, gurbin zaɓe kadara ne. Ƙungiya na iya musayarsa da wasu gurabe, ko da 'yan wasa, har ma tana iya ba da gurbinta na baɗi ko na shekarar da ke bin ta. Idan ƙungiyar da ke gurbi na 20 ta hango ɗan wasan da ta san ba zai kai gare ta ba, sai ta buga waya ga wadda ke gaba, ta yi tayin gurabe biyu, uku ko fiye. Wannan shi ne hawa sama. Wadda ta karɓi tayin kuma ta sauka ƙasa ke nan, ta koma baya a layi amma da gurabe masu yawa a hannu.

Wa ke yanka farashi?

A farkon shekarun 1990 ƙungiyar Dallas Cowboys, ƙarƙashin koci Jimmy Johnson, ta tsara wani jadawali da ya ba kowane gurbi maki. Wani mai hannun jari a ƙungiyar, Mike McCoy, shi ya haɗa shi, ta hanyar duba cinikayyar da aka yi a shekarun baya. A jadawalin, gurbi na 1 yana da maki 3,000, na 2 yana da 2,600, na 10 yana da 1,300, na 16 yana da 1,000, na 32 kuma 590, yayin da na 100 ke da maki 100 kacal. Da mataimakan Johnson suka watsu zuwa wasu ƙungiyoyi sai suka tafi da jadawalin, har ya zama kamar mudun kasuwa da kowa ke awo da shi.

Cinikin Mahomes ya nuna yadda lissafin ke tafiya. Gurbi na 10 da Buffalo Bills ke riƙe da shi ya kai maki 1,300. Kansas City ta ba da na 27 mai maki 680 da na 91 mai maki 136, jimilla 816, ya rage giɓin 484. Sai ta cike shi da gurbinta na zagayen farko na 2018. A al'adar kasuwar, gurbin baɗi ana rage masa daraja da zagaye guda, wato na zagayen farko ana ƙiyasta shi kamar na zagaye na biyu na bana. Da lokaci ya yi, gurbin ya faɗo a na 22, mai maki 780.

Wannan ragin shi ne babban tarkon da ke cikin cinikin. Ya yi kama da manomin da ya karɓi buhu ɗaya da damina a kan zai biya buhu biyu da kaka. Gurbin baɗi zai kawo ɗan wasa mai kyau daidai da na bana, bambancin kawai jiran shekara guda ne, amma mai gaggawa yana sayar da shi kusan rabin kuɗinsa. Wata matsalar kuma, jadawalin Johnson bai auna ƙwazon da 'yan wasa ke nunawa a fili ba. Abin da ya rubuta shi ne farashin da shugabannin ƙungiyoyi suka saba biya, ko sun yi daidai ko sun yi kuskure.

Abin da masu bincike suka gano

Wasu malaman jami'a biyu, Cade Massey da Richard Thaler, sun bi diddigin wannan tambaya a wani nazari da ya fara yawo a 2005, aka kuma buga shi a mujallar ilimi a 2013. Thaler shi ne ya karɓi kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2017. Sun kwatanta farashin da ake biyan gurabe da irin aikin da 'yan wasan suka yi daga baya, da kuma albashin da aka ba su.

Sun tabbatar da cewa 'yan wasan da aka fara ɗauka sun fi na baya ƙwazo idan aka haɗa su jimilla, amma ratar ba ta kai yadda farashi ke nunawa ba. Jadawalin Johnson ya ce gurbi na 1 ya ninka na 32 sau biyar, alhali a filin wasa bambancin bai kusanci haka ba. Wani sakamakon ya fi ba da mamaki. Idan aka ɗauki 'yan wasa biyu masu buga matsayi ɗaya, aka zaɓi ɗaya kafin ɗayan, yiwuwar na farkon ya fi wanda ke bin sa kusan kashi 52 cikin 100 ne. Wato dai kusan canki-canka. Ƙungiyar da ta ba da gurabe uku don ta sami wane maimakon wane tana biyan kuɗi mai yawa ne a kan tabbacin da ba ta da shi.

Malaman sun danganta hakan da halin ɗan Adam: yarda da kai fiye da kima, da zaton cewa duk wanda ka ƙyalla ido a kansa kowa ma shi yake nema, da fifita yau a kan gobe. Akwai kuma dalilin kujera. Koci ko manajan da aikinsa ke tangal-tangal ba shi da wata damuwa da gurbin shekara biyu masu zuwa, domin idan abin ya lalace wani ne zai gaji bashin.

Tarihi ya cika da shaidu. Tom Brady, wanda ya ɗauki Super Bowl sau bakwai, a gurbi na 199 aka zaɓe shi a shekarar 2000, bayan an ɗauki masu buga matsayinsa shida kafin shi.

Waɗanda cinikin ya ƙona

A 1999 kocin New Orleans Saints, Mike Ditka, ya kwashe dukkan gurabensa na shekarar, ya ƙara da biyu na shekarar 2000, ya miƙa wa Washington don ya taso daga na 12 zuwa na 5 ya ɗauki Ricky Williams. Ƙungiyar ta ci wasa 3 ta sha kashi a 13, aka sallami Ditka a ƙarshen kakar.

A 2012 Washington ce ta shiga sahun masu saye. Ta ba St. Louis Rams gurbinta na 6, da na zagaye na biyu, da na zagayen farko na 2013 da 2014, duk don gurbi na 2 da Robert Griffin III. Shekararsa ta farko ta yi kyau matuƙa, har aka ba shi kyautar gwarzon sababbin 'yan wasan hari. Sai ya ji rauni a gwiwa a Janairun 2013, kuma bai sake komawa yadda yake ba. Ƙungiyar ta durƙushe, gurbin 2014 da ta riga ta bayar ya zama na 2 a duk zaɓen.

San Francisco 49ers ta maimaita irin haka a 2021. Ta ba Miami gurbi na 12, da na zagayen farko na 2022 da 2023, da wani na zagaye na uku, don ta ɗauki Trey Lance a na 3, matashin da wasa 17 kawai ya fara a jami'a. Lance ya fara wasa huɗu rak a ƙungiyar, ya karye a idon sawu a 2022, sannan aka tura shi Dallas a 2023 a kan gurbin zagaye na huɗu. Wanda ya gaje shi, Brock Purdy, shi ne mutum na ƙarshe da aka zaɓa a 2022, a gurbi na 262, kuma shi ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2024.

Misalin da ya fi fito da haɗarin bashi fili shi ne na Carolina Panthers a 2023. Don ta sami gurbi na 1 ta ɗauki Bryce Young, ta ba Chicago gurbi na 9, da na 61, da na zagayen farko na 2024, da na zagaye na biyu na 2025, da kuma fitaccen ɗan wasanta D.J. Moore. Carolina ta ci wasa 2 cikin 17, ta zama ta ƙarshe a gasar. Hakan na nufin gurbin da ta bayar ya zama na 1 a 2024, Chicago ta ɗauki Caleb Williams da shi. An kori kocin tun kakar ba ta ƙare ba, manajan ma ya bi shi a Janairu. Young ya farfaɗo daga baya, amma lissafin bai sauya ba: ƙungiyar ta biya gurbi na 1 don sayen gurbi na 1, sannan ta ɗora gurabe uku da gwanin ɗan wasa a kai. Garin neman gira ta kusa rasa ido.

Inda cinikin ke biya

Duk da haka ƙungiyoyi ba su daina ba, kuma suna da hujja mai ƙarfi guda ɗaya: matsayin kwatabak. Shi ne mai jefa ƙwallo, jagoran hari, wanda kusan duk wani yunƙurin cin maki ke bi ta hannunsa. A cikin 'yan wasa 11 da ke fili babu wanda tasirinsa ya kusanci nasa, kuma gwanayen wannan matsayi ba su kai yawan ƙungiyoyin ba. Wadda ta sami nata ba ta sakinsa, saboda haka zaɓen ne kusan hanya ɗaya tilo ta samunsa.

Dokar albashi ta 2011 ta ƙara wa hujjar nauyi. Kafin ta, sabon ɗan wasa na iya karɓar kuɗi fiye da tsofaffin gwanaye. Sam Bradford, na 1 a 2010, ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 78 na shekara shida, da tabbacin miliyan 50, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a gasar ba. Cam Newton, na 1 a 2011, miliyan 22 ya samu na shekara huɗu. Tun daga nan albashin sababbi ya zama ƙayyadadde. A 2024 Dak Prescott na Dallas ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 60 a shekara, yayin da Caleb Williams ke karɓar kusan miliyan 10. Ƙungiyar da ta dace da kwatabak nagari a zaɓe tana da rarar miliyoyi na shekara huɗu, ko biyar idan a zagayen farko ta ɗauke shi, da za ta gina sauran sassan ƙungiya da su. Wannan na cikin dalilan da suka sa Baltimore Ravens ta yi ciniki ta koma gurbi na 32, na ƙarshe a zagayen farko, ta ɗauki Lamar Jackson a 2018. Ya zama gwarzon gasar a 2019 da 2023. A shekarar ce kuma Buffalo ta taso zuwa na 7 ta ɗauki Josh Allen, gwarzon 2024.

Idan aka sake duba cinikin Kansas City za a ga abin da ya bambanta shi da na Carolina. Kansas City ƙungiya ce mai ƙarfi a 2017, ta ci wasa 12 a kakar da ta gabata, don haka ta san gurbin da za ta bayar zai faɗo can ƙasa. Gurbin zagayen farko ɗaya kawai ta ƙara, ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin manyan 'yan wasanta ba. Tana da gogaggen kwatabak, Alex Smith, wanda ya ci gaba da buga wasa yayin da Mahomes ya yi shekara guda yana koyo a hannun koci Andy Reid. Da Mahomes bai yi kyau ba, da ƙungiyar ta ji zafi amma ba ta rushe ba. Carolina kuwa mai rauni ce, ta ba da wanda ya fi iya karɓar ƙwallo a wurinta, sannan ta jefa yaro cikin fili tun wasan farko.

Sauka ƙasa ma ba tabbas ba ne

Mai karatu kada ya ɗauka cewa duk wanda ya sauka ƙasa ya yi nasara. Gurabe da yawa damar gwaji ce mai yawa, amma dole a iya zaɓe. A 2011 Atlanta Falcons ta ba Cleveland Browns gurabe biyar don ta taso daga na 27 zuwa na 6 ta ɗauki Julio Jones. Jones ya zama ɗaya daga cikin manyan masu cafke ƙwallo na zamaninsa, Cleveland kuma ba ta fitar da tauraro ko ɗaya daga abin da ta karɓa ba. Rams ma, duk da tarin guraben da ta samu a cinikin Griffin, sai a 2017 ta sake kammala kaka da nasarori fiye da shan kashi. A ɗaya ɓangaren, Dallas ta gina ƙungiyar da ta ɗauki kofi a kakannin 1992, 1993 da 1995 da taimakon guraben da ta karɓa daga Minnesota lokacin da ta ba da Herschel Walker a 1989. Haka kuma da ɗaya daga cikin guraben da Chicago ta biya a cinikin Trubisky ne San Francisco ta ɗauki Fred Warner, wanda ya zama ginshiƙin tsaronta.

Abin dubawa kafin a yanke hukunci

Idan aka haɗa waɗannan misalai, tambayoyi huɗu ne ke raba ciniki mai ma'ana da na ganganci. Ta farko, wane matsayi ɗan wasan ke bugawa? Idan kwatabak ne, ribar na iya rufe tsadar, idan kuwa wani matsayi ne da ake samun gwanayensa a zagaye na biyu da na uku, da wuya ta rufe. Ta biyu, ina gurbin baɗi zai faɗo idan kakar ta lalace? Ƙungiya mai ƙarfi tana ba da na 25 ne ko na 30, mai rauni kuwa tana iya wayar gari ta ga ta ba da na 1. Ta uku, guraben zagayen farko nawa za a bayar? Ɗaya ana iya jure shi, biyu na gaba kuma na hana ƙungiya gyara kuskurenta har tsawon shekara uku. Ta huɗu, shin akwai wanda ke kusa da ɗan wasan a ƙwarewa da za a iya samu ba tare da biyan komai ba? Chicago ta biya gurabe uku don matsawa mataki ɗaya a shekarar da Mahomes ya jira har zuwa na 10.

Muhawarar ta sake tasowa a 2025, lokacin da Jacksonville Jaguars ta ba Cleveland gurbinta na 5, da na 36, da na 126, da na zagayen farko na 2026, don ta ɗauki Travis Hunter a na 2, matashin da ke buga hari da tsaro duka biyu. Shi ba kwatabak ba ne, ƙungiyar kuma wasa 4 kawai ta ci a kakar da ta gabaci cinikin, saboda haka a ma'aunin tambayoyin nan huɗu ta ɗauki kasada babba. Hujjar shugabanninta ita ce ɗan wasa ɗaya mai aikin mutum biyu ya cancanci farashin. Masu bibiyar gasar sukan ce sai bayan kaka uku ake yi wa zaɓe hukunci, don haka sai wajen 2028 za a iya faɗin wanda ya ci riba tsakanin Jacksonville da Cleveland.